Idan Mota Ta Faɗa Ruwa a Ƙasar Daura, Wa Zai Biya Kuɗin Tsamo Ta?

Tun ranar 1 ga Fabrairun 2025, lokacin da rundunar 'yan sandan Najeriya ta fara matsa wa masu ababen hawa lamba kan inshorar dole, takardar inshora ta koma sahun farko cikin abubuwan da ake tambaya a shingayen hanya. Direban da ke jigila tsakanin Daura da Katsina, ko Daura da Kano ta Kazaure, ya san cewa in babu ita tafiyarsa ba za ta yi daɗi ba. Mutane sun yanka, sun naɗe, sun ajiye a aljihun mota. Sai dai da yawa daga cikinsu sun ɗauka cewa tunda sun biya, duk abin da ya sami motar akwai kamfanin da zai share musu hawaye.

Wannan zato yana da haɗari, musamman da damina. Takardar da ake nuna wa ɗan sanda ba ta biyan ko sisi idan korama ta ja mota, ko ta zame ta faɗa kududdufi, ko kwalbati ya rufta da ita. Ba ta biyan gyara, ba ta biyan madadin motar, kuma ba ta biyan kuɗin tsamo ta daga ruwa, wanda shi ne nauyin farko da ke faɗo wa mai abin hawa tun kayan jikinsa ba su bushe ba. A masarautar da abinci da kuɗin makarantar gidaje da yawa suka rataya a kan mota ɗaya ko babur ɗaya, bai dace a bar wannan giɓi sai ranar da abin ya faru ba. Ya kamata ƙungiyoyin direbobi, kamfanonin inshora da takaful, gwamnatin Jihar Katsina da ita kanta masarauta su tsara yadda za a raba wannan nauyi tun sararin sama bai haɗa hadari ba.

Inda ruwa ke cin mota

Baƙon da ya zo ƙasar Daura da rani zai yi mamakin jin ana maganar nutsewar mota. Daura, Baure, Mai'aduwa, Sandamu da Zango, ƙananan hukumomi biyar na masarautar, suna bakin iyakar Nijar ne, ƙasa mai rairayi, inda ruwan sama ke taruwa cikin 'yan watanni, daga Yuni zuwa Satumba, ya fi ƙarfi a Agusta. Amma wannan yanayin ne ke jawo matsalar. Koramar da ta yi wata takwas a bushe, har motoci da amalanke suka mai da cikinta hanya, tana iya cika cikin sa'a guda saboda ruwan da aka yi a wani gari can sama, alhali a inda direba yake ko yayyafi ba a yi ba. Rairayin da ke ƙarƙashin kwalbati yana zaizayewa a ɓoye, kwalta na nan lafiya a ido, sai ranar da mota mai kaya ta hau. Ga kududdufai da ramukan da aka haƙi ƙasa don gini ko aikin hanya, waɗanda ke cika su haɗe da gefen titi, da dare ba a bambance su da hanya. Ga kuma bakin madatsun ruwa irin su Sabke da Daberam, inda masu noman rani, masunta da masu ɗiban kaya ke kusantar ruwa da ababen hawa.

Jihar Katsina ta ga ƙarfin ruwa da idonta. A tsakiyar Yulin 2018 ambaliya ta afka wa Jibiya cikin dare, ta halaka fiye da mutum 40, ta rushe ɗaruruwan gidaje. A Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri, aka ga motoci jere cikin ruwa har rufi. A ƙarshen Mayun 2025 kuma aka yi ta Mokwa a Jihar Neja. Bayan kowace irin wannan musiba ana ƙirga rayuka da gidaje da gonaki, kuma haka ya dace. Ababen hawa kuwa, waɗanda su ne jarin mutane da dama, kowa shi ke ji da nasa.

Ba sai an yi gagarumar ambaliya mota ke tafiya ba. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka ta daɗe tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 15 yana iya kayar da babban mutum, santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota, santimita 60 kuma yana tafiya da yawancin motoci, har da manyan jif. Santimita 60 bai wuce gwiwar dogon mutum da yawa ba. Direban da ya ga yaro ya ƙetare da ƙafa ya ce shi ma zai wuce, ya manta cewa mota tana da faɗin da ruwa zai tura, kuma da zarar tayoyi sun rabu da ƙasa sitiyari da birki sun tashi daga aiki.

Abin da takardar dole ta ƙunsa

Inshorar dole ta ababen hawa tsohuwar doka ce a Najeriya, asalinta tun 1945, zamanin Turawa. Manufarta ɗaya ce: kare mutumin da direba ya cuta. Idan mota ta buge mai tafiya a ƙasa, ko ta daki motar wani, ko ta rushe katangar wani, kamfani ne zai biya wanda aka yi wa ɓarna a madadin mai motar. Shi ya sa ake kiranta inshorar ɓangare na uku: na farko mai mota, na biyu kamfani, na uku wanda tsautsayi ya rutsa da shi.

A Disambar 2022 hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta sabunta farashi, ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2023. Motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, iyakar abin da za a biya na ɓarnar dukiyar wani kuma ya tashi daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Babur yana biyan 3,000 da iyakar miliyan 1, keke mai ƙafa uku 5,000 da iyakar miliyan 2, manyan motocin dakon kaya kuwa 100,000 da iyakar miliyan 5. Duk waɗannan miliyoyin na wani ne. Babu ko kwabo a ciki da aka ware wa mai abin hawan saboda asarar kansa. Haka kuma kayan da aka ɗauko: buhunan gero da wake, ko shanu da awakin da aka saro daga kasuwar Mai'aduwa, ba sa cikin wannan takarda. Kayan da ke kan hanya suna da tasu inshorar daban.

Akwai kuma matsalar jabu. Shekaru da dama ana haɗa wa mutane takardar inshora tare da sauran takardun mota a hannun 'yan tsakiya, mai mota bai san sunan kamfanin ba, wani lokacin ma kamfanin babu shi. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasa ta kafa rumbun bayanai na NIID domin a riƙa tantancewa, ana kuma iya dubawa ta waya da lambar *565*11#. Wanda bai duba ba yana iya yawo da takardar da ko wanda ya buge ba za ta biya ba.

Masu ƙetara iyaka ta Kongolam zuwa cikin Nijar suna da ƙarin abin lura. Katin inshorar ECOWAS, wanda aka kafa tsarinsa a 1982, shi ma haƙƙin wanda aka cuta kawai yake ɗauka. Kuma tunda ficewar Nijar daga ƙungiyar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, hankali ya ba da cewa direba ya nemi kamfaninsa ya rubuta masa ƙarara inda takardarsa ke aiki da inda ba ta aiki.

Asara hawa uku

Mota idan ta shiga ruwa, asarar tana zuwa ne hawa-hawa. Hawa na farko shi ne fito da ita. Idan a bakin korama ta maƙale, jama'ar gari sukan taru da igiya, a nemo tarakta ko tifa ta ja. Idan ta nutse ko ta kife, sai an nemo masu ninƙaya ko masunta su shiga su ɗaura igiya a inda ya dace, sannan a kawo janwe ko motar ƙugiya. Irin waɗannan manyan motoci sun fi yawa a manyan birane, saboda haka mai mota zai biya man zuwa da na komawa kafin a zo kan ladan aiki. Ciniki ne da ake yi da wanda ba shi da zaɓi, domin kowace sa'a da motar ta ƙara a ciki, rairayi na ƙara binne ta, ruwa na ƙara cin wayoyinta. Jan da aka yi da gaggawa kuma yakan ƙara wata ɓarnar: an ɗaura igiya a gatari ko a bamba, an fizga, ƙashin motar ya karkace.

Hawa na biyu gyara ne. Inji yana shaƙar iska ya matse ta, amma ruwa ba ya matsuwa. Da zarar ruwa ya bi ta mashaƙar iska ya shiga cikin silinda alhali inji na aiki, sandunan da ke riƙe fistin sukan lanƙwashe ko su karye, wani lokacin har su fasa jikin injin. Wannan ne dalilin da makanikai ke cewa kada a yi ƙoƙarin tayar da motar da aka tsamo daga ruwa kafin a cire filogi, a zubar da baƙin mai, a duba giya da tanki. Motocin zamani kuma suna da kwamfutar da makanikai ke kira birenbos, da tarin na'urori da wayoyi a ƙarƙashin kujeru. Waɗannan sukan ci gaba da tsatsa bayan an ɗauka an gama gyara, sai mota ta riƙa kawo sabuwar cuta duk bayan 'yan makonni. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kayan gyara da ake shigowa da su daga waje sun yi tsadar da kowane mai gareji zai ba da labari.

Hawa na uku shi ne zaman jira. Motar haya da ke gareji ba ta kawo kuɗin cefane. Direba ya zauna, yaron mota ya zauna, mai motar da ke jiran balas ya zauna. Idan kuwa keke ne ko babur da aka karɓa bisa biya kaɗan-kaɗan, bashi na nan yana tafiya ko da abin hawan yana ƙarƙashin ruwa. A nan ne ake sayar da akuya, a jinginar da gona, a shiga gidan 'yan uwa neman gudummawa.

Akwai kuma asarar da ba ta mai motar kaɗai ba. Fetur, baƙin mai da ruwan batir suna tsiyaya cikin ruwan da dabbobi ke sha, mata ke wanki, masu lambu ke ban ruwa. Motar da aka bari ta ruɓe a kududdufi saboda mai ita ba shi da kuɗin fito da ita ta zama matsalar unguwa gaba ɗaya.

Yadda masu ƙanƙara suka tsara tasu

Abin zai fi fitowa fili idan aka dubi wurin da ya sha bamban da Daura ta kowace fuska. A jihar Minesota da ke arewacin Amurka, tafkuna kan daskare da hunturu har mutane su hau kansu da motoci su je kamun kifi ta ramukan da suka huda a ƙanƙara. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar tana ba da shawarar cewa sai sabuwar ƙanƙara ta kai kaurin inci 4, wato kusan santimita 10, kafin mutum ya taka, mota kuwa tana buƙatar aƙalla ninki biyu na hakan. Duk da gargaɗin, kusan kowace shekara ƙanƙara na ruftawa da motoci.

Dokar jihar ba ta bar abin a hannun sa'a ba. Mai mota zai sanar da hukuma cikin sa'o'i 48, kuma ya fito da motarsa cikin kwana 30. In ya ƙi, ƙaramar hukuma za ta fito da ita, sannan ta ci shi tarar da ta kai ninki biyu zuwa biyar na abin da aka kashe. Aikin yana buƙatar masu nutso da na'urorin ja na musamman, kuɗinsa kuma yakan kai dubban daloli. A can ma, wanda ya yanki inshorar haƙƙin wasu kawai shi zai biya komai daga aljihunsa. Wanda ya yanki cikakkiyar inshora ne galibi kamfani ke ɗauke wa asarar motar, kuma sau da yawa har da kuɗin tsamowa, gwargwadon abin da takardarsa ta tanada.

Daura ba ta da ƙanƙara, kuma babu mai cewa a kwaso tarar Minesota a ɗora wa ɗan acaɓar Zango. Abin koyi shi ne an amsa tambayoyi uku tun kafin haɗari: wa za a kira, wa ke da alhakin fito da motar, kuma daga ina kuɗin zai fito. A ƙasar Daura ana amsa su ne a bakin ruwa, cikin ruɗani, kowane karo daga farko.

Cikakkiyar inshora da ramukanta

Maganin da kamfanoni za su fara nunawa shi ne cikakkiyar inshora, wadda ke ɗaukar asarar motar mai ita tare da haƙƙin wasu. NAICOM ta ce farashinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar. Idan aka ƙiyasta mota a kan naira miliyan 6, za a biya 300,000 a shekara, ninki ashirin na kuɗin takardar dole. Ma'aikacin da ke da albashi mai kauri ko ɗan kasuwar da ke da tireloli zai iya, kuma ya kamata ya yi. Direban tsohuwar Golf da ke lodi zuwa Baure ba zai iya fitar da wannan a dunƙule ba.

Ko wanda ya iya ma sai ya karanta da kyau, domin kalmar "cikakkiya" tana ruɗarwa. A takardun kamfanoni da dama ambaliya tana cikin abubuwan da aka keɓe, sai an nemi a ƙara ta an biya ƙari. Kuɗin janwe yana da iyaka da aka rubuta, kuma iyakar an tsara ta ne don jan mota daga titi zuwa gareji, ba don ɗago ta daga cikin dam ba. Akwai kason farko na kowace asara da mai mota zai biya da kansa. Motar da aka yi wa inshora a matsayin ta gida amma ana kabu-kabu da ita, kamfani na iya ƙin biya. Haka nan idan aka tabbatar direba ya ga ruwa ya kutsa da gangan, ko ya tayar da inji bayan an tsamo motar ya ƙarasa kashe shi, za a yi jayayya. Wanda kuma ya rubuta darajar motarsa shekaru uku da suka wuce bai sabunta ba, abin da za a ba shi ba zai wuce tsohon adadin ba, kuma ba zai sayi irinta a yau ba.

Waɗannan sharuɗɗa duk a rubuce suke, amma da Turancin lauyoyi, da ƙananan haruffa. A yankin da ake ciniki da shari'a da wa'azi da Hausa, sayar wa mutum yarjejeniyar da ba zai iya karantawa ba rashin adalci ne, ko da doka ba ta hana ba.

Batun addini

Ba za a yi maganar inshora a Daura a tsallake tambayar halasci ba. Mutane da yawa suna yankar ta dole ne don gudun shinge, amma zuciyarsu ba ta kwanta da ita ba, balle su ƙara wata a kai. Damuwar tana da tushe. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci da aka saba tana ɗauke da garari mai yawa, ta kuma halatta tsarin taimakon juna a madadinta. Sudan ta riga ta kafa kamfanin farko na irin wannan tun 1979. A Najeriya NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma yanzu akwai kamfanoni masu lasisi irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful.

A takaful, mahalarta suna zuba gudummawa ne cikin asusu ɗaya da niyyar taimakon duk wanda asara ta sama, kamfani yana gudanarwa a ba shi lada, ba a juya kuɗin a harkar riba, idan kuma an samu rara ana iya mayar wa mahalarta. Wannan tunani ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Shi ne gayya, shi ne gudummawa, shi ne karo-karon da 'yan tasha ke yi idan ɗan uwansu ya yi haɗari. Abin da takaful ke ƙarawa shi ne lissafi da rubutu: an san nawa aka zuba, an san nawa za a biya, kuma mai asara yana karɓar haƙƙinsa ne ba tare da ya bi gida-gida yana roƙo ba.

Uzurin da ake kawowa

Za a ce mutane ba su da kuɗi, ga tsadar mai ga tsadar abinci. Gaskiya ne. Amma asarar ruwa ba ta jiran mutum ya yi kuɗi, kuma wanda ba shi da ajiya shi ne ta fi kassarawa. Abin da ya gagara a dunƙule yana yiwuwa a rarrabe. A matsayin misali kawai, idan direbobi 500 suka riƙa ajiye naira 100 kowace rana ta aiki, kwana 300 a shekara, za a tara naira miliyan 15. Wannan ba zai sayi sababbin motoci ba, amma zai iya biyan kuɗin tsamowa da wani kaso na gyara ga 'yan kaɗan da abin zai shafa a damina ɗaya.

Za a kuma ce kamfanoni ba sa biya, sun iya karɓa ba su iya bayarwa ba. Wannan ƙorafi tsoho ne, kuma kamfanonin ne za su wanke kansu da aiki. Sabuwar dokar gyaran harkar inshora da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a 2025 ta zo da alƙawarin ƙarfafa jarin kamfanoni da kare masu hulɗa da su. Direban Sandamu zai yarda da wannan alƙawari ne ranar da ya ga abokinsa ya karɓi kuɗi ba tare da ya yi ta zarya zuwa Kano ko Abuja ba. Ƙungiya mai mambobi ɗaruruwa kuma ta fi mutum ɗaya ƙarfin tsayawa gaban kamfani, da kai ƙara NAICOM idan an yi mata wasa.

Wasu za su ce idan akwai mai biya, direbobi za su ƙara ganganci. Shi ya sa dole asusun ya zo da sharaɗi: wanda aka tsayar a bakin korama ya ƙi tsayawa, shaidu suka tabbatar, ba shi da cikakken haƙƙi. Abokan sana'arsa da kuɗinsu ke ciki sun fi kowane jami'i iya tsawata masa.

Abin da ya kamata a yi kafin damina

Rassan ƙungiyar direbobi ta NURTW da ƙungiyoyin masu keke da babura a ƙananan hukumomin biyar su ne ya kamata su fara motsi. Suna karɓar kuɗi a tasha kullum, saboda haka hanyar tarawa tana nan. Su zauna da kamfanonin takaful da na inshora su nemi tsarin rukuni wanda ya ambaci ambaliya da nutsewa da suna, ya fayyace kuɗin tsamowa daban da na janwe, a riƙa biya mako-mako. Kuɗin kuma ya zauna a asusun banki mai sa hannun mutum fiye da ɗaya, ana karanta lissafinsa a gaban mambobi, domin asusun da ba a bayyana lissafinsa shi ne ke kashe amana.

NAICOM ta wajabta wa kamfanoni su haɗa kowace takardar mota da shafi ɗaya na Hausa, da boko da ajami, mai faɗin abu uku: abin da za a biya, abin da ba za a biya ba, da lambar da za a kira. A saman takardar dole kuma a rubuta da manyan haruffa cewa ba ta biyan asarar motar mai ita.

Gwamnatin Malam Dikko Umaru Radda, ta hannun hukumar agajin gaggawa ta jiha da KASSAROTA, tare da haɗin gwiwar hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, ta girke janwe mai ƙarfi da igiyoyi da rigunan ruwa a Daura daga Yuni zuwa Oktoba, da farashin aiki da aka buga kowa ya sani. A horar da masunta da masu ninƙaya na bakin Sabke da Daberam kan yadda ake ɗaure mota ba tare da sun jefa ransu cikin haɗari ba, a kuma riƙa biyansu. Ƙananan hukumomi su kafa sanduna masu alamar zurfi a kowace mashigar korama da mota ke bi, su killace kududdufan da ke gefen titi, su duba ƙarƙashin kwalbatoci tun a watan Mayu. 'Yan kwangilar manyan ayyuka, har da na layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi da ya ratsa ta Daura, a ɗaure su da sharaɗin cike ko killace ramukan da suka haƙa. Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke Daura kuwa tana da aikin da ya dace da sunanta a ƙofar gida: ɗalibanta su zana taswirar wuraren da ruwa ke yanke hanya a masarautar, su riƙa tattara bayanin kowane abin hawa da ruwa ya ci. Da irin wannan lissafin ne kamfani zai iya sa farashi mai adalci.

Masarauta tana da abin da babu hukumar da ke da shi. Idan Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, ya umarci hakimai, dagatai da masu unguwanni su sa a riƙa tsare mashigai masu haɗari ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, za a tsare. Idan malamai suka yi bayanin takaful a kan mumbari, suka kuma tunatar cewa ɗaukar mataki ba ya karo da tawakkali, za a saurara.

Shi kuma mai abin hawa, akwai abin da ba ya buƙatar jiran kowa. Ya fito da takardarsa ya tantance ta, ya tambayi kamfani a rubuce ko ruwa yana ciki da nawa za a biya na tsamowa. Idan tsautsayi ya faɗa, a fara ceton rai, a ɗauki hoto, a sanar da 'yan sanda da kamfani nan take, kada a murza makulli. Idan kuma ya iso bakin korama ya tarar tana gudu, ya kashe mota ya jira. Koramun ƙasar Daura sukan janye cikin 'yan sa'o'i, bashin sabon inji kuwa yana iya bin gida shekaru.